Yadda Ake Zaɓen Daɓen Kicin da Zai Dace da Katakon Falo

Duk gidan da aka shimfiɗa wa falo katako, ko na asali ne irin wanda ake tararwa a wasu tsofaffin gidajen GRA na Kaduna da Jos, ko kuwa laminet ɗin da ya cika sabbin gidajen Abuja, rigimar tana bakin ƙofar kicin. Nan daɓe biyu suke haɗuwa, nan ido yake fara sauka, nan kuma ruwan wanke-wanke yake neman hanyar fita. Yawancin masu gida idan sun kira ni, maganarsu ta farko ita ce, "Malam, a samo mana tayil mai kalar katakon nan sak." Ni kuwa abin da nake fara hana su ke nan. Dalili zai zo a mataki na huɗu. Kafin a kai ga launi akwai awo, kuma wanda ya tsallake awo ya faɗa kasuwa, zai dawo da kaya masu kyau da ba za su zaunu a gidansa ba.

Kayan da za ka tanada

Ba aikin shimfiɗawar za ka yi da hannunka ba, wannan na mai sa tayil ne. Naka shi ne zaɓe da sa ido, don haka kayan ba su da yawa:

Tef ɗin awo, wanda yake nuna milimita.
Lebul, wato ma'aunin nan mai ɗigon ruwa a tsakiya, ko miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita 2.
Farar takarda guda ɗaya.
Guntun katakon falon. In babu ragowa, a ɗaga ɗaya daga ƙarƙashin kujera ko bayan ƙofa inda ba a gani.
Ƙyauren kabad ɗin kicin guda ɗaya, ko guntun allon da kafinta zai yi shi da shi.
Leda mai kauri da salatif, don gwajin laima.
Ɗan manja a murfin kwalba, ruwan sabulu, da tsabar kuɗi ko makulli.

1. Ka san wane irin katako ne a falon

Katakon asali da laminet ba abu ɗaya ba ne, ko da sun yi kama a ido. Ka duba gefen guntun da ka ɗago. In itace ne tun daga sama har ƙasa, na asali ne, kaurinsa yakan kai milimita 18 ko kusa da haka, ban da ƙananan nan da ake mannawa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka fi siranta. In ka ga hoton itace ne a sama, ciki kuma matsattsen garin katako, laminet ne, milimita 7 zuwa 12. Akwai kuma SPC, wanda cikinsa garin dutse ne da roba, milimita 4 zuwa 6.

Abin da ya sa wannan ya dame mu: katakon asali yana numfashi. Da damina ya sha laima ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke har ka ga 'yan tsagogi tsakanin allunan. A Kano ko Sakkwato, inda iskar hunturu take busar da komai ƙayau, wannan motsi ba wasa ba ne. Launinsa ma yana tafiya da shekaru. Loko yakan fara da ruwan ƙwai-ƙwai, ya ƙare a ruwan ƙasa mai duhu. Maɗaci da kawo suna ƙara ja da zurfi. To tayil ba ya motsi, ba ya sauya launi. Duk shawarar da ke tafe ta ginu ne a kan wannan bambanci.

2. Ka auna tudu a dokin ƙofa

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi tsadar gyara.

Ka je dokin ƙofar da ta raba kicin da falo. Ɗora lebul a kan katakon, ka bar rabinsa ya leƙa cikin kicin, sannan ka auna daga ƙasan lebul zuwa simintin kicin. Lambar da ka samu ita ce iyakar wurin da kake da shi. Tayil da gam ɗinsa duka a ciki za su shiga.

Misali, ka samu milimita 18. Tayil mai ƙwari yakan yi milimita 9 ko 10, gam ɗin tayil ya ci kamar 4, jimla 13 ko 14. Saura 4 ko 5. Wannan lafiya lau ne, domin ni na fi son kicin ya ɗan yi ƙasa da katako da milimita 3 zuwa 5. A gidajenmu ba goge kicin kawai ake yi da tsumma ba, bokiti ake kwararawa a bi da tsintsiya. In kicin ya fi falo tudu, ko da kaɗan ne, ruwan nan ƙarƙashin katako zai tafi, ya kwanta inda ba mai ganinsa. Bayan wata biyu sai a ga bakin allunan ya yi baƙi ya tashi, in an yi rashin sa'a gara ta biyo laima. Amma kada ramin ya wuce haka, don kada mai ɗauke da tukunyar miya ta yi tuntuɓe.

Ga inda masu aiki suke ɓata lissafi. Da yawansu sun saba ɗora tayil a kan kwaɓin yashi da siminti mai kaurin milimita 25 zuwa 40, saboda da shi suke cike ramuka da tudun da birkila ya bari. A gidan da ko'ina tayil ne, babu laifi. A gidan da falo ya riga ya sha katako, wannan kwaɓi zai ɗaga kicin sama da falo da kusan yatsa biyu, ƙofa ta ƙi rufuwa, a koma yanke ƙasan ƙyaure. Tun kafin a yi ciniki ka gaya masa da gam za a yi, kuma ka nuna masa lambar da ka auna.

In wurin bai kai ba, kamar falon laminet wanda shi da soson ƙarƙashinsa ba su wuce milimita 11 ba, hanya biyu ce. Ko a sassaƙe simintin kicin a rage masa tudu, ko a bar tayil a sa SPC. In kuma tsohon tayil ne a kicin ɗin, a fasa shi a kwashe. Masu cewa a ɗora sabo a kan tsoho don a huta da ƙura, ba su ne za su yi ta cin tuntuɓe a ƙofar ba.

Kafin ka bar wurin, manna ledar nan a kan simintin, faɗin kamar santimita 45 kowane gefe, ka rufe bakinta da salatif ta kwana. In da safe ka ga gumi a cikinta ko simintin ya yi duhu, akwai laima daga ƙasa ko bututu yana yoyo. A gyara wannan tukuna. Sabon daɓen siminti kuma a ba shi kwana 28.

3. Ka zaɓi abin da zai jure kicin ɗinka

Ka tambayi mai girkin, domin ita ta san abin da daɓen zai gani. Ana daka a ciki? Ana sauke tukunya mai zafi a ƙasa? Ana shigo da kurfoti in gas ya ƙare?

Tayil iri biyu ne a kasuwa, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano kake ko a Dei-Dei ta Abuja. Akwai na yumɓu na gama-gari mai jan baya, akwai foselin, wanda aka gasa da wuta mai tsanani har ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. Mai shago zai ce maka duka foselin ne. Kifa tayil ɗin ka ɗiga ruwa a bayansa. In ya tsotse nan take, na yumɓu ne. In ruwan ya tsaya yana kallonka, foselin ne. A kicin foselin nake sawa in kuɗi sun kai. In ba su kai ba, na yumɓu ma yana yi, amma a tabbata na ƙasa ne ba na bango ba, kuma in kwalin yana da lambar PEI, wadda ke nuna juriyar fuskar tayil ga taku, a ɗauki 4, ko 3 in babu.

Mai sheƙi kamar madubi, a bar shi a shago. Ruwan sabulu ko ɗigon mai a kansa ya isa ya kai mutum asibitin ƙashi. Nemi marar sheƙi, mai ɗan kaushi. Wasu kwalaye suna ɗauke da lambar hana santsi daga R9 zuwa R13, to R10 ya dace da kicin na gida. Wanda ya wuce R11 yana riƙe datti, mai shara za ta tsine masa. In babu lamba, zuba ruwan sabulu a kai ka murza da tafin hannu, za ka ji.

Mabul yana da kyau kusa da katako, ban musa ba, amma ba na ba da shawararsa a kicin da ake girkin gaske. Manja yana shiga jikinsa, ruwan lemon tsami da tsamiya suna cinye sheƙinsa. Giranit ya fi shi haƙuri nesa ba kusa ba, sai dai kauri, don yakan kai milimita 15 zuwa 20, ka koma ga lissafin mataki na biyu. Tarazo, daɓen siminti mai tsakuwa da ake gurzawa, wanda mutane suke wa kallon kayan da, yana daga cikin abin da ya fi dacewa da tsohon katako. In gidanka tsoho ne kuma tarazon kicin bai fashe ba, kira masu injin gurza su wanke masa fuska kawai, ka adana kuɗinka.

SPC ba ya tsoron ruwa, yana da taushin takawa, amma gindin tukunya mai zafi ko garwashi ɗaya zai bar masa tabo har abada. Laminet kuwa kada ya shiga kicin ko kaɗan, cikinsa da ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa. Wanda ya nace sai katakon asali ya zarce har cikin kicin, ana yi, amma a gidan da ba a kwarara ruwa, kuma da sharaɗin a shimfiɗa wani abu gaban sinki.

Maganar turmi: babu tayil ɗin da aka yi don dakan sakwara. A kai turmi waje, ko a ware masa kusurwa a ɗora shi kan katako mai kauri.

4. Launi: kada ka nemi sak

Yanzu ga abin da na hana tun farko. Tayil mai zanen katako ya cika kasuwa, wani har sai ka taɓa kafin ka gane. Shi kaɗai a ɗaki yana da kyau. Amma ranar da ka kwantar da shi gefe da gefe da itacen gaske, asirinsa ya tonu: zanensa yana maimaita kansa duk bayan 'yan alluna, sheƙinsa daban, ga layin siminti tsakaninsa. Ko ka dace ya yi daidai yau, katakon zai ci gaba da duhu ya bar shi a baya. Kamar tela ne ya yi wa tsohuwar shadda sabon hannu da yadin da ya yi kusa da ita, kowa ya kalla ya san an yi ƙari. Abin da ya bambanta sarai, ido yana karɓarsa a matsayin zaɓi. Abin da ya kusa kama bai kama ba, ido yana ɗaukarsa kuskure.

To me za a nema? Abin da ya saɓa wa katakon a haske da zane, amma jininsu ya haɗu. Ga yadda ake ganewa. Da rana, a kashe fitila, a ɗora farar takarda a kan katakon. Kusa da farin, za ka ga inda launinsa ya karkata: ja, ruwan zuma, ko toka-toka.

In ya karkata ja, irin maɗaci da kawo, nemi ruwan madara, ruwan yashi, ko toka mai ɗan ɗumi wadda ta ɗebo ruwan ƙasa. Guji toka mai shuɗi-shuɗi, tana sa jan ya yi ƙara, ita kuma ta yi kamar ta asibiti. Guji jan tayil ma, ɗakin zai yi nauyi.

In ruwan zuma ne, irin tik ko sabon loko, kana da sarari. Toka mai duhu irin ta dutse tana fito da shi ƙwarai, fari mai ɗan madara ma haka. Abin gudu shi ne tayil mai ruwan ƙwai, su biyun za su haɗu su yi fatau.

In katakon mai duhu ne sosai, ruwan makuba, to kicin ya yi haske. In kuma laminet ne mai toka-toka irin na yayi, nan ne toka mai sanyi da fari tas suke shiga.

Sai ka kawo ƙyauren kabad. Daɓen kicin ba da falo kaɗai yake zama ba, kabad ne a kansa, ga kanta. In kabad ɗin ma launin itace ne, to itace ya riga ya yi biyu, daɓen ya zama lami marar hayaniya. In kabad fari ne ko launi ɗaya, daɓen zai iya ɗaukar zane, ko irin na dutse ko mai fure-fure. Abu ɗaya ne kawai zai yi magana a kicin, sauran su saurara.

Wata gaskiya da mai shago ba zai faɗa ba: fari fat da baƙi ƙirin su suka fi kowane launi nuna datti. Baƙi yana nuna ƙurar hunturu da garin tuwo, fari yana nuna sawun ƙafa da ɗigon miya. Matsakaicin launi mai ɗan ɗigo-ɗigo shi ne sutura.

In duk da haka zuciyarka na kan tayil mai zanen katako, to ka sa ya fi na falo haske ko duhu sosai yadda ba mai cewa an so a kwaikwaya, a juya jerinsa ya gitta na falo, kuma a raba su da dutse a dokin ƙofa.

5. Girma da jeri

Katako dogaye ne sirara masu layi da yawa, saboda haka abin da ke kusa da shi ya zama mai faɗi, mai ƙarancin layi. Tayil mai santimita 60 da 60 ya dace da yawancin kicin. 60 da 120 yana da kyau a babban wuri, amma yana son daɓe miƙaƙƙe da ƙwararren hannu. Dogon tayil yakan ɗan yi doro a tsakiya tun daga masana'anta, don haka in za a goce jerin, a goce da sulusin tsawonsa, ba rabi ba, in ba haka ba bakin wani zai fi na wani tudu.

A fara jeri daga ƙofar falo da cikakken tayil. Yankakku su tafi ƙarƙashin kabad da bayan firij.

6. Kai samfur gida

Kada ka yanke hukunci a shago, fitilunsu an sa su ne don su sayar. Sayi ɗaya-ɗaya daga kala uku da suka kwanta maka, ko ka ba da jingina a ba ka aro. Kwantar da su a dokin ƙofar, jikin katakon, ka jingina ƙyauren kabad. Duba da safe, duba da la'asar, duba da dare. Farin ƙwan fitila mai 6500K da mai ruwan ƙwai na 3000K suna iya mai da tayil ɗaya ya zama biyu. Koma tsakiyar falo ka zauna a kujera ka hango, don daga nan baƙo zai gani. Sannan shafa manja a kowanne, har da wanda ka fi so, ka bar shi ya kwana ka goge. Wanda ya riƙe tabo ya faɗi.

In mai shago ya hana samfur, ɗauki guntun katakon da ƙyauren ka je da su, ka sa a fito da tayil ɗin waje cikin inuwa. Hoton waya ba ya wadatarwa, kowace waya da irin ƙaryarta.

7. Lissafi da saye

Tsawo sau faɗi. Kicin mai mita 3 da mita 4 ya zama murabba'in mita 12. Ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa, ya zama 13.2. In jerin kaikaice za a yi, ƙara kashi 15. Kwalin 60 da 60 yawanci guda 4 ne, wato murabba'in mita 1.44, sai ka raba: 9 da 'yan kai, ka sayi kwali 10. In da tayil ɗin za a zagaye gindin bango, ƙara ɗaya.

Duba lambar rukunin da aka gasa tare da kuma ta launi a jikin kowane kwali, su zama iri ɗaya. Tayil mai suna ɗaya da aka gasa a rana daban yakan bambanta, ba za ka gani ba sai an shimfiɗa. A buɗe kwalayen a gabanka kafin a ɗora a mota.

Abin cike layi kuma, kada a bar mai aiki ya kwaɓa farin siminti don shi ya saba. A kicin, kafin wata uku ya koma ruwan ƙasa. Sayi mai launi da ake sayarwa a leda, wanda ya yi daidai da tayil ɗin ko ya ɗan fi shi duhu.

8. Ranar aiki, ka tsaya a kan mahaɗa

Kafin a sauke ko buhu ɗaya, a rufe katakon falo da leda da kwali har inda masu aiki za su taka. Ruwan siminti yana ƙona fuskar itace, yashi a ƙarƙashin takalmi yana karce ta. Yanka da injin gurza a yi shi a waje.

Foselin ba a jiƙa shi, kuma siminti zalla ba ya kama shi da kyau, gam yake so, a shafe ƙasa da cokali mai haƙora, babban tayil a shafa masa a baya ma. Kada ka yarda da ɗigon gam biyar, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya. A bar layin milimita 2 zuwa 3 tsakanin tayil da tayil.

A mahaɗar, tayil kada ya taɓa katako. A bar tsakani kamar milimita 10, kuma kada a cike shi da siminti, domin in damina ta zo katakon ya nemi wurin miƙewa bai samu ba, zai yi tozo a tsakiyar falo ko ya fasa bakin tayil. In tudunsu ɗaya ne ko kusa, a rufe da ƙarfen mahaɗa mai siffar T, na alminiyam ko tagulla, a kafe ƙafarsa a siminti, ba a jikin katakon ba. In akwai bambancin tudu, akwai mai gangare. Wanda na fi so shi ne sillen giranit mai faɗin bangon ƙofar, a ɗan kashe masa baki, a bar wa katakon 'yar tazararsa a cike da silikon mai launinsa. Yana tare ruwa, kuma yana raba launi biyu da kyau. In ba a samu ko ɗaya ba, kafinta zai iya fere maka daga ragowar katakon falon, a shafe shi da vanish ciki da waje.

Layin mahaɗar ya faɗo daidai ƙarƙashin ƙyaure in an rufe, yadda na falo ba zai hango tayil ba, na kicin ba zai hango katako ba. In babu ƙofa, kicin da falo a haɗe suke, a ja layin daga ƙarshen bango ko ƙarshen kanta, miƙe, kada a yi masa lanƙwasa.

Kwana ɗaya ba mai takawa. Washegari, kafin a cike layi kuma kafin ka biya cikon kuɗin aiki, ɗauki tsabar kuɗin nan ka bi tayil ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa, tsakiya da kusurwoyi. Wanda ya yi ƙarar fanko babu gam a ƙarƙashinsa, a ɗaga shi a sake. Sannan zuba kofin ruwa ɗaya taku biyu daga ƙofar ka ga inda ya nufa. In falo ya nufa, aiki bai ƙare ba. Firij da kabad su jira kwana uku kafin a shigo da su, ragowar tayil kuma a ajiye a sito tare da kwalinsa mai lamba.